Likkafanina Yana da Ƙofar Numfashi

Assalamu alaikum, Malama Juwairiya.

Don Allah ki taimaki wani tsoho da shawara. Abin da ke cina ban iya faɗa wa kowa a gida ba, kuma mako uku ya rage in ba da amsa. Ki yi haƙuri da rubutuna in ya yi tsawo. Ina da shekara arba'in da bakwai na fara riƙe alƙalami, a ajin yamma na manya da aka buɗe mana a ƙauyenmu Adogi, muna zuwa bayan an tashi daga gona, hannu duk kanta. Yanzu ina da sittin da tara, ina zaune a Akurba, cikin Lafia, wurin ɗana. Na sauya sunayen mutane, kuma ba zan faɗi sunan fim ɗin da zan yi magana a kai ba. In ɗana ya karanta zai gane ni. Wataƙila ma abin da zuciyata ke so ke nan, ban sani ba.

Bari in fara da farin ciki, don kada ki ɗauka ni marar godiya ne. Mako bakwai da suka wuce Allah ya ba ni jika ta farko. Shekara goma sha ɗaya ɗana Safiyullahi da matarsa Aminat suna jira, mu ma muna jira tare da su. Ranar da aka haife ta na zaga unguwa da ƙafa ina faɗa wa mutane, har da waɗanda ban sani ba. Mai gyaran babur na bakin titi ya ce tun da yake bai taɓa ganin haƙorana duka ba sai ranar. Ni na sayi ragon suna. An sa mata sunan matata marigayiya Rekiya, muna kiran ta Amarya, domin ina tsokanar iyayenta cewa matata ce ta dawo da ƙuruciyarta, su fara tara kayan ɗaki. Idan ta yi kuka ina daga ɗakina nake jin kamar an kunna mini fitila a ƙirji.

Amma, Malama, har yau ban ɗauke ta ba. Ko sau ɗaya.

Ga yadda abin ya faro. Safiyullahi harkar fim yake yi. Ya daɗe yana ɗaukar bikin mutane da tallan shaguna, amma burinsa ya yi fim babba nasa na kansa. Bara ya yi shi, shi da abokinsa Terlumun, wani Batibe, wato ɗan ƙabilar Tibi, mai riƙe kamara, da suka yi makaranta tare. Labarin wani zamani ne mai zuwa, wai shekara hamsin nan gaba, lokacin da kamfanonin haƙar ma'adinai suka saye ƙasa kaf, aka kewaye ko'ina da waya, har talaka ba shi da inda zai binne mamacinsa sai da takardar izini da kuɗi mai yawa. Wata mata ce mahaifinta ya rasu, ta ɗora gawarsa a amalanke tana turawa daga gari zuwa gari, tana roƙon a ba ta taku uku na ƙasa. Har fim ya ƙare ba ta samu ba. Ana barin ta a kan hanya, waya dama, waya hagu, tana ta turawa. Da ya ba ni labarin na ce masa wannan wane irin abu ne zai nuna wa mutane da kuɗinsu. Ya ce in dubi filayen da aka sayar a kewayenmu cikin shekara goma, sannan in sake tambayarsa. Ban sake ba.

Lissafi shi ne abin da na fi iyawa a ajin yamma, don haka ni na riƙe masa littafin kashe kuɗi. Fim ɗin ya ci naira miliyan arba'in da shida. Miliyan goma sha biyar na shi da Terlumun ne, har motarsa ya sayar. Miliyan goma sha ɗaya bashin hayar kaya ne da haƙƙin ma'aikata da talla, aka ce sai an nuna fim a biya. Miliyan ashirin kuwa Alhaji Saleh, wani babban mai fataucin doya, ya ba mu, ni kuma na ajiye masa takardun gonata ta Adogi. Gonar ubana ce. Babu wanda ya tilasta ni. Ni na sa hannu, da rubutun da na koya da tsufana, har ina jin daɗin ba dangwale na yi ba.

A gonar aka yi yawancin aikin, da bazara, lokacin da ƙasa ke fayau. Kamara da fitilu daga Abuja aka ɗauko, kowace rana naira dubu ɗari uku da tamanin, ko an yi aiki ko ba a yi ba. Sai matsalar gawa ta taso. Sun tambayi masu yin mutum-mutumi na roba a Legas, aka ce miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. Babu su. Suka gwada buhunan ƙaiƙayi, suka gwada kututturen ayaba, kowanne in aka duba a kamara buhu ne ko ayaba. Suka samo wani magidanci, ya yi yini ɗaya a matsayin gawar, washegari matarsa ta zo har gona ta ja shi gida tana faɗa. Ina zaune ina kallon rana tana tafiya da kuɗin gonata. Na miƙe na ce ga ni, ba ni da ƙiba, kuma na iya kwanciya shiru. Safiyullahi ya ƙi, ya sake ƙi, na nuna masa littafin, ya haƙura ya yarda.

Sai kuma ƙyalle. Farin yadin da suka sayo na zamani ne, mai santsi, yana ƙyalli a rana kamar leda. Terlumun ya ce sam ba zai yi ba, alawayyo na auduga yake so, mai kauri, wanda ya ɗan kwana biyu. An aika kasuwa sau biyu ba a samu irinsa ba. Hantsi ya yi, ana neman azahar.

Nan ne na yi abin da na yi. Shekara tara da suka wuce Rekiya ta je Hajji da kuɗin sana'arta ta man gyaɗa. Ni ban taɓa zuwa ba. Ta sayo alawayyo a can, ta jiƙa shi da ruwan zamzam, ta shanya, ta naɗo shi a ƙasan jakarta. Da ta dawo ta kira ni ɗaki, ta ba ni gefe ɗaya na riƙe, ta tsaga shi biyu da hannunta. Har yanzu ina jin ƙarar yagewar. Ta ce rabi nata, rabi nawa, duk wanda ya riga ya jira ɗan'uwansa cikin kaya iri ɗaya, kamar masu anko. Muka yi dariya. Bayan shekara uku aka naɗe ta a nata. Nawa yana cikin akwatin ƙarfe da ƙwayoyin kafur, a tsohon ɗakinmu na Adogi, tafiyar minti biyar daga inda ake aiki. Na je na ɗauko. Na ce musu wani tsohon yadi ne da na manta da shi. Terlumun ya shafa shi ya ce wannan ne, kamar don fim ɗin aka saƙa shi. Safiyullahi ya tafi ƙaro karatu a Jos lokacin da uwarsa ta tsaga shi, bai san da zamansa ba. A raina na ce yini biyu ne ko uku, in wanke in mayar.

Kwana goma sha tara na yi a ciki.

Malama, ba zafin ne ya dame ni ba, ko da yake akwai zafi. Abin da ake ji ne. Da zarar an ɗaure ka, mutane sun manta kana nan. A kaina ake musun ƙwallo, a kaina ake tambayar wa ya cinye naman wa, wani ya ɗora kwalbar ruwansa a cikina yana amsa waya. Ba mugunta ba ce, haka ido yake, in ya ga farin ƙunshi sai ya sallame shi. Ita kuma Ngumimi, wadda ta fito a matsayin 'yar mamacin, idan ta kifa kanta a ƙirjina tana kiran Baba, kukan gaske take yi, hawayenta har ya ratsa ƙyallen ya taɓa ni. Daga baya na ji cewa nata mahaifin ya ɓata a wani rikici, ba a ga gawarsa ba.

Ita ce ta lura a rana ta uku cewa numfashina yana sarƙewa. Ta tsayar da aiki, ta yi wa Safiyullahi faɗa cewa zai kashe tsohonsa a kan fim, ta karɓi reza ta tsaga ƙyallen daidai hancina, tsawon ɗan yatsa, ta gefen da kamara ba ta gani. Iska ta shigo. Ta tambaye ni ko na ji daɗi, na ce na gode. Me zan ce? Alheri ta yi mini. Amma a lokacin na ji kamar rezar ta bi ta jikin Rekiya.

Akwai wata rana kuma. Janareta ya lalace da tsakar rana, kowa ya ruga wurinsa, daga nan aka kira cin abinci a can bakin rafi. Kowa ya ɗauka wani ya kwance ni. Suka bar ni a kan amalanke a gindin ɗorawa, hannu da ƙafa a ɗaure. Na yi kira, babu mai ji. Can sai na ji takun shanu, suka kewaye ni, ina jin hucinsu. Sai muryar wani dattijon Bafulatani, ya yi salati, ya matso. Na so in yi magana, sai na ji tsoron in gawa ta yi masa sallama zuciyarsa za ta buga. Na riƙe numfashi. Ya tsaya a kaina ya roƙa mini gafara, ya roƙi Allah ya sa kabarina ya yi faɗi, ya haɗa ni da waɗanda suka riga ni. Ya gyara mini ƙyallen da ya zame daga ƙafata. Sannan ya kora shanunsa ya tafi neman masu gawa. Ban taɓa ganin fuskarsa ba. Da yaran suka dawo a guje suna ba ni haƙuri, suka mai da abin raha, ni ma na taya su dariya. Amma tun daga ranar nake jin kamar an riga an sallame ni, ragowar kwanakin nan aro ne.

An nuna fim ɗin mako biyar a silima a Abuja da Kano da Kaduna da Jos, aka kuma kama zaure a nan Lafia kwana uku. Ba a nuna fuskata ko sau ɗaya, kuma na hana a sa sunana. Amma hoton tallan, wanda aka manna ko'ina, ƙafata ce ta hagu da ta leƙo daga likkafani, wadda garma ta cire wa ƙaramin yatsa tun ina saurayi. Na je Abuja na gan ta a bango, ta fi ƙofar ɗaki girma. Wata mata a kusa da ni tana share hawaye tana cewa Allah ya jiƙan wannan bawa. Tun daga lokacin ban sake sa silifa ba. Takalmi sau-ciki nake sawa, a masallaci kuma safa, cikin wannan zafin na Lafia, abokaina suna ce mini Bature.

An ce fim ya tara miliyan sittin da ɗaya. Wannan adadin ne ya zaga wayoyin mutane, har dangi suna zuwa gaisuwa da buƙatunsu. Abin da ba su sani ba, masu silima sun ɗauki kusan rabi, mai rarrabawa ya ɗauki nasa, an cire haraji. Miliyan ashirin da uku ne ya iso hannunmu. Aka biya goma sha ɗaya na haya da ma'aikata, aka kai wa Alhaji Saleh goma sha biyu. Saura takwas, wa'adi kuma ƙarshen haƙar doya. Na yaran nan goma sha biyar ko maganarsu ba a yi. Alhaji mutumin kirki ne, amma an gan shi sau biyu yana zaga gonar da mai awon fili.

Yanzu wani kamfani mai nuna finafinai ta waya ya ce zai saya a kan miliyan ashirin da biyar. Sharaɗinsu ɗaya. Sun ce masu kallonsu ba za su jure wancan ƙarshen ba, a sake ɗaukar wani: matar ta sami wuri, a haƙa kabari, a saka mahaifinta, a kwance ɗaurin, a ga fuskarsa da wannan ƙafar, a jera itace, a zuba ƙasa. Safiyullahi ya zo ya durƙusa a gabana, ya kasa haɗa ido da ni, ya ce yini ɗaya ne kawai, kuma in kawo wancan yadin, don dole ya zama shi. Na ce zan yi tunani. Na yi lissafin: takwas na Alhaji, goma sha biyar nasu, biyu su rage. Lissafin ya fita tsaf. Ni ne ban fita ba.

Watan jiya aminina Sadisu ya rasu. Ina cikin masu ɗaukar makara, sai na ji mutum biyu a bayana suna maganar farashin taki. Ƙafafuna suka mutu, sai da aka karɓe ni, domin na san yadda maganar take shiga kunne daga ciki. Na wanke ƙyallen sau uku, jan ƙasar gonar bai fita duka ba, tsagar kuma tana nan. Nakan buɗe akwatin in sa yatsa a ciki. Rekiya tana kwance cikin nata cikakke, ni zan je mata da nawa mai ƙofa, wanda aka yi wasa da shi, aka sayar da tikiti a kansa. Kuma ƙanshin kafur ya ƙi barin hannuna. Kowa ya ce ba ya ji, ni ina ji. Duk sanda Aminat ta miƙo mini Amarya, sai in ga hannun da aka riga aka yi wa addu'ar matattu zai taɓa wadda ta zo jiya. Sai in ce ina mura, ko hannuna da datti. Shekaranjiya na ji ta tana gaya wa ƙanwarta a waya, murya ƙasa-ƙasa, cewa ga alama Baba namiji ya so. Wallahi, Malama, da za a tsaga ƙirjina da an ga ba haka ba ne.

To ki faɗa mini. In shiga ramin nan in ceci gonar da nake so Amarya ta ci doyarta? Ina jin in aka jera itacen nan a kaina, ko na fito, ba duka zan fito ba. In kuma na ƙi, na zama tsohon da tsoro ya sa ya bar gonar ubansa ta tafi, ya bar ɗansa cikin bashi. Ina jiran amsarki.

Naki,
Kakan Amarya, Akurba, Lafia.

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba. Barka da samun Amarya, Allah ya raya ta, ya sa ka ga aurenta. Rubutunka kuma ba ya buƙatar haƙurin kowa. Malamin ajin yamman nan ya ci ladansa.

Amsata a taƙaice: kada ka shiga ramin, kuma ba dole ba ne gonar ta tafi. Ka haɗa abu biyun nan kamar dole sai ɗaya ya ci ɗaya, alhali littafinka da kansa ya nuna hanya.

Me ya sa ka hau amalanke tun farko? Saboda babu miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu na mutum-mutumi. Yanzu ka ce in ciniki ya faɗa, miliyan biyu za su rage. To ga kuɗinsa nan. Shi za a saka a rami, a jera masa itace, a zuba masa ƙasa. Fuskarka da ƙafarka kuwa, na tambayi masu wannan sana'a, sun ce ana iya ɗaukarsu kana kwance a tabarma a fili, a tara ƙasa a gefenka, a matso da kamara, mai kallo ba zai bambance ba. Terlumun ya san wannan sarai. Abin da ya sa ba su kawo shi ba, sun saba da cewa Baba mai sauƙi ne, ba ya cewa a'a, kuma ba a biyan sa. In ma kana jin ko wannan ba za ka iya ba, kana da iko ka faɗa, su nemi wata dabara. Mutum mai shekara sittin da tara wanda numfashinsa ya taɓa sarƙewa cikin ƙyalle ba shi da abin yi a cikin rami da zafin rana. Wannan maganar lafiya ce tun kafin a zo maganar tsoro.

Amma in yi wa Safiyullahi adalci. Ba rashin tausayi ne ya sa ya roƙe ka ba. Bashi ne a wuyansa, gonar kakansa ce a hannun wani saboda burinsa, kuma ka ce ko ido ya kasa haɗawa da kai. Sannan a kan abin da ka gaya masa yake aiki. Ka ce tsohon yadi ne, ya yarda. Ka yi dariya ranar da aka manta da kai, ya ɗauka ya wuce. Ka ɓoye masa nauyin don ka sauƙaƙa masa, ga shi yanzu yana neman ƙara maka bai sani ba. Ka zaunar da shi ka faɗa masa komai, da tsagawar da uwarsa ta yi, da dattijon nan mai shanu. Ka yi haka yau, kada ya fara ji daga shafin jarida. Zai yi kuka, ka bar shi ya yi. Haƙƙinsa ne ya san abin da ya naɗe mahaifinsa da shi.

Game da cinikin, kada a ɗaga kamara sai an sa hannu a takarda, kuma lauya ya karanta ta, a san shekara nawa kamfanin zai riƙe fim ɗin, kada a wayi gari an sayar da shi har abada ba a sani ba. A rubuta a ciki yadda za a ɗauki wannan ƙarshen. Ku nemi a ba da wani kaso tun farko, miliyan takwas su tafi kai tsaye wurin Alhaji Saleh, takardun gona su dawo hannunka kafin kowa ya taɓa sisi. Kai kuma ka je wurin Alhaji tun wa'adi bai cika ba, ka nuna masa takardar tayin. Wanda aka biya goma sha biyu cikin ashirin yakan saurara. In kamfanin ya kafe sai an binne ka da gaske, ku bar su. Fim ɗin da ya tara sittin da ɗaya zai sami wani mai saye, kuma bashin takwas ana iya zama a tsara biyansa da amfanin gona. Wani abu kuma: ka buɗe littafinka ka rubuta kwana goma sha tara na babban ɗan wasa, ka sa kuɗi a gabansu. Ko ba a biya yanzu ba, a san ana bin su.

Likkafanin kuwa ya gama aikin fim. Su sayi alawayyo su jiƙa shi da ruwan shayi, zai yi kalar tsufa. Ni ba mai ba da fatawa ba ce, amma malamin da na tambaya ya ce abin da ake nema ga likkafani ya zama mai tsarki, mai suturta jiki, kuma ɗinki ba ya ɓata shi. Ka tabbatar wurin limaminku don zuciyarka ta kwanta. Ka kuma sake duban tsagar nan. Hajiya Rekiya ta ba ka rabin don ya rufe ka in lokaci ya yi. Ngumimi ta tsaga shi don kada lokacin ya zo kafin ka ga mai sunan Hajiya. Ta wannan ƙofar ka shaƙi iskar da ta kawo ka ranar suna. Ban ga abin kunya a nan ba, kuma matar da ta iya yin raha da anko a kan likkafani, ina jin da ta ji labarin dariya za ta fara yi maka. Addu'ar dattijon nan ma ba sallama ba ce. Gafara ya roƙa maka, mai rai ma yana buƙatarta, ranarta kuma tana hannun Allah.

In bayan ka faɗi abin nan ƙanshin kafur bai bar ka ba, ko ƙafafunka suka ci gaba da mutuwa a wurin jana'iza, ka je asibiti ka gaya wa likita kamar yadda ka gaya mini. Wanda aka ɗaure aka manta da shi, jikinsa yakan riƙe abin, kuma ana taimaka masa.

Saura Aminat, wadda ta fi kowa shan wahalar shirunka ba tare da laifin komai ba. Shekara goma sha ɗaya ta jira, yanzu tana zaton ta kawo abin da ba a so. Kada wannan zaton ya ƙara kwana. Ka ɗauko ƙyallen ka kai mata, da zare da allura, ka ba ta labarinsa, ka roƙe ta ta ɗinke maka tsagar. Ɗinki hannu biyu yake so, Baba. Dole ta sami wanda zai riƙe mata yarinya.

Ka cire safar nan, ka zauna a tabarma, ka miƙa hannu. Allah ya dawo maka da takardun gonarka, ya jiƙan Hajiya Rekiya, ya sa akwatin nan ya daɗe a rufe.

Malama Juwairiya